Keken Tsere Mai Giyar Batir a Hanyar Gwarzo

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ta fito, ɗan garin Garo a ƙaramar hukumar Kabo. Ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina tara kuɗi, har Allah ya nufa na sayi keken tsere na gwanjo a Kano, irin mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya. Giyarsa ba ta da kebul, dannawa ake yi ta canja da kanta. An rubuta Ultegra Di2 a jiki, kuma farantan baya guda 11 ne. Sati uku ina hawansa lafiya lau. Ranar da hadari ya tare ni a Gwarzo na ɗora shi a mota, tun daga ranar sarƙa take ƙara tana tsalle. Na kai wa mai gyara, ya murɗa wasu sukurori, abin sai ya ƙaru. Yanzu kuma giyar gaba ta daina motsi sam. Wanda ya sayar mini bai ba ni caja ba. Don Allah, cuta ta aka yi?"

Wa alaikumussalam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, bisa ga abin da ka kwatanta kekenka bai mutu ba. Matsaloli biyu ne suka haɗu maka a lokaci guda, kuma babu wadda ta haifi 'yar'uwarta. Ta farko a cikin motar nan ka samo ta. Ta biyu kuwa batir ne yake neman abincinsa. Rashin ba ka caja dai ba a kyauta maka ba, zan zo kansa.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunka. Tunanin canja giya da lantarki ya girmi yawancin masu hawa na yanzu, domin kamfanin Mavic na Faransa ya fito da nasa tun 1992, sai dai bai karɓu ba. Shimano na Japan ne ya tsayar da abin da ƙafarsa a 2009 da Dura-Ace Di2, ya biyo da Ultegra Di2 a 2011, shekarar da Campagnolo na Italiya shi ma ya fito da EPS. A 2015 SRAM na Amurka ya nuna eTap, wanda babu waya ko ɗaya a jikinsa. Yau kusan duk ƙwararrun 'yan tseren duniya irin wannan giya suke hawa, har da Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ci zango uku ya kuma ɗauki koriyar riga a gasar Tour de France ta 2024. Da masu kuɗin Turai suka koma kan sababbi masu faranti 12, sai tsofaffin masu 11 suka fara gangarowa gwanjo, shi ya sa irin naka ya iso Kano.

Yadda take aiki ba wani siddabaru ba ne. A kan hannun birki akwai madannai. A gaba, kusa da feda, akwai ƙaramin inji mai tura sarƙa tsakanin manyan faranti biyu. A baya akwai wani injin mai tura ta tsakanin farantan firiwil. Idan ka danna, saƙo ya tafi, injin ya matsa daidai gwargwadon da aka tsara masa, ba ƙari ba ragi. Nan ne bambancinta da giyar kebul yake. Kebul yana miƙewa, yana tsatsa, ƙura tana shiga bututunsa, don haka kullum sai an ɗan ja an ɗan saki. Injin lantarki ba ya gajiya, ba ya mantuwa. Inda ya ajiye sarƙa jiya, nan zai ajiye ta gobe. Saboda haka idan giyar da take lafiya ta wayi gari tana ƙara, kusan kullum wani abu ne na ƙarfe ya goce daga mazauninsa, ba lissafin injin ne ya rikice ba. Wannan ita ce maganar da nake so ka riƙe fiye da kowacce a cikin amsar nan.

Tsuguna a bayan kekenka, ka sa ido daidai saitin tayar baya. Injin baya ba a jikin firam yake kai tsaye ba. Yana rataye ne a jikin wani ɗan ƙarfe mai laushi, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, masu gyara suna ce masa hanga. Da gangan aka yi shi da laushi, domin in keke ya faɗi shi ya lanƙwashe ko ya karye, firam mai tsada ya tsira. Dubi ƙananan tayoyin nan biyu masu haƙora da sarƙa take bi ta cikinsu. Ya kamata su tsaya ɗaya a kan ɗaya, a miƙe sambal ƙarƙashin farantin da sarƙa take kai. Ina kyautata zaton za ka ga ta ƙasan ta karkata ciki, wajen sifok. Na san yadda ake lodi a tashoshinmu. Yaran mota sukan kwantar da keke ta duk ɓangaren da ya zo hannu, a ɗora buhun masara a kai, a ja igiya a tamke. In ɓangaren sarƙa ne a ƙasa, nauyin nan duka a kan hanga yake sauka. Karkatar da ido da ƙyar yake gani ta isa ta sa sarƙa tsalle, saboda ratar da ke tsakanin farantai 11 ba ta kai milimita huɗu ba.

Na taɓa karɓar wani keke irin naka daga hannun wani malamin makaranta da yake hawa tsakanin Getso da Gwarzo. Ya riga ya yanke ƙauna, har an faɗa masa kuɗin sabon injin baya, kuɗin da ya fi na sabon keken kasuwa. Da na cire injin na ɗaura ma'aunin hanga na juya shi a kewayen rim, sai ga tazarar sama da ta ƙasa sun bambanta da kusan faɗin yatsa. Na miƙar da shi a hankali, sau uku ina ja ina aunawa. Ban taɓa madanni ko ɗaya ba, giyar ta dawo shiru kamar ba ta taɓa ciwo ba.

To kai ma da wannan za ka fara. Ka nemi mai gyaran da yake da ma'aunin hanga, wani dogon ƙarfe ne da ake ɗaurawa a ramin da injin yake shiga. In babu a kusa da kai, wahalar zuwa cikin Kano ta fi asarar injin sauƙi. Abin da na hana ka shi ne kama injin da hannu ka banƙare shi waje, kamar yadda ake yi wa keken yara. Akwai ƙananan haƙora a cikinsa da ba sa jure wannan. Kuma hanga ba ya son a yi ta miƙar da shi, a karo na biyu ko na uku yakan tsage. Kowane firam da siffar nasa, saboda haka ka cire naka ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka sa a nemo maka irinsa ka ajiye.

Akwai wani abu da buguwa takan jawo wanda yake tsorata mutane a banza. Shimano sun sa wa injin baya wata kariya, in ya bugu da ƙarfi sai ya saki kansa daga abin da yake tura shi a ciki don kada haƙora su karye. Za ka ji yana kuka in ka danna, amma ba ya tafiya daidai. A irin naka, akwai wani ɗan akwati mai madanni ɗaya da fitilu, yawanci a ƙarƙashin kan keke ko a ƙarshen hannu. Ɗaga tayar baya, ka danne madannin nan kamar daƙiƙa biyar har jar fitila ta fara ƙiftawa, kana juya feda. Injin zai bi farantai da kansa ya koma mazauninsa.

Sai maganar mai gyaran da ka kai wa. Kada ka riƙe shi a zuciya. Masu gyaran kekenmu na Gwarzo da Kabo da Rimin Gado gwanaye ne a kan abin da suka gada, su ne suka riƙe Raleigh da Phoenix shekara da shekaru suna kai manoma gona da 'yan kasuwa cin kasuwa, kuma wajen ɗaurin sifok da miƙar da rim ni kaina nakan koma wurinsu. Wannan dai baƙon abu ne ya zo masa. Sukurori biyun da ya murɗa, masu alamar H da L, ba na saita giya ba ne. Katanga ce, aikinsu hana sarƙa faɗawa cikin sifok ta ciki ko maƙalewa a jikin firam ta waje. A giyar lantarki, in aka ɗaure su fiye da kima, injin zai yi ta tura katangar yana neman isa inda aka tsara masa, yana shan batir, wani lokaci ma ya ja da baya da kansa. Mai yiwuwa wannan ya taimaka wajen saurin ƙarewar cajinka.

Bayan an miƙar da hanga, ga yadda ake saiti, kuma a natse ake yinsa. Rataye keken a reshen bishiya ko ka sa wani ya ɗaga maka baya. Sassauta H da L. Kai sarƙa faranti na biyar in ka ƙirgo daga mafi girma. Danna madannin ɗan akwatin nan har jar fitila ta kama ta tsaya, ka saki nan take, domin in ka zarce za ka faɗa wancan gyaran na buguwa. Yanzu madannan hannun dama sun daina canja giya, kowace dannawa ɗan taƙi kawai take matsar da injin. Kana juya feda, ka riƙa danna wanda yake kai sarƙa wajen manyan farantai, ɗaya bayan ɗaya, kunnenka a kan firiwil. Za ka kai inda sarƙa za ta fara gogar faranti na huɗu, ka ji wani siririn ƙas-ƙas-ƙas. Tsaya nan. Danna ɗaya madannin sau huɗu, ka sake danna na akwatin don fita. Bi giyoyin duka sama da ƙasa ka saurara. Daga nan sai ka koma kan katanga: sarƙa tana kan faranti mafi girma, ɗaura L har ya ɗan taɓa kawai, tana kan mafi ƙanƙanta, ɗaura H har ya taɓa, sannan ka warware shi zagaye ɗaya. Masu sabon Shimano mai faranti 12, madanninsu a jikin injin baya yake, fitilar ruwan ɗorawa ce, kuma sau biyar ake komowa. Masu SRAM kuwa suna danne ɗan madannin da ke cikin hannun giya ne, sannan su tura hannun.

Yanzu giyar gaba. Wannan ba lalacewa ba ce, gargaɗi ne. An tsara Di2 ta yadda in batir ya kusa ƙarewa, injin gaba ne yake fara tsayawa, saboda shi ya fi cin wuta, a bar maka na baya ya kai ka gida. Danne kowane madannin giya rabin daƙiƙa ka kalli ɗan akwatin. Kore a tsaye, batir a cike yake ko kusa da haka. Kore mai ƙiftawa, ya kai rabi. Ja a tsaye, saura kwata. Ja mai ƙiftawa, ya ƙare. Naka zai nuna ja. Batirin dogo ne siriri, yawanci yana ɓoye a cikin sandar sirdi, kuma ba a cire shi don caji. A gefen ɗan akwatin akwai wata ƙaramar murfiya, a nan ake soka caja. Cajar da kake nema sunanta SM-BCR2, ɗaya bakinta na USB ne. Koma wurin wanda ya sayar maka ka nemi ya nemo maka, domin keke irin wannan ba tare da caja ba rabin kaya ne. In ya gaza, ka yi odarta da wannan sunan. Kada ka bari wani mai gyaran waya ya fasa ya haɗa maka wayoyi kai tsaye da batirin. Batirin lithium ne, in aka yi masa caji ba bisa ƙa'ida ba yana iya kumbura ko ya kama wuta, ga shi a cikin firam ƙarƙashin mazauninka.

Kuma ka gaggauta. Irin wannan batir in ya ƙare ƙarƙaf aka bar shi watanni, sau da yawa ba ya sake tashi.

Wani zai ce, mu da wuta ba ta zama, ina mu ina keke mai caji? Wannan ita ce mafi sauƙi a cikin matsalolin. Caji ɗaya na kamar awa ɗaya da rabi yana kai mutum wajen kilomita 1,000, lafiyayyen batir ma yakan wuce haka. Daga Kano zuwa Gwarzo kimanin kilomita 70 ne, ka ga zuwa da dawowa bakwai ke nan. Wayar hannunka ta fi shi naci nesa ba kusa ba. Abin kiyayewa shi ne irin wutar. Ban yarda ka jingina kekenka a shagon masu caji, a soka shi a layin janareta mai hawa da sauka ba. Ka sayi fawa-banki mai kyau, shi za ka kai caji ko ka haɗa da sola, sannan ka shayar da keken daga gare shi a ɗaki. In kan caja za ka yi amfani da shi, ya zama mai bolt 5 da aƙalla amfiya 1.

Zafi ya fi rashin wuta haɗari a wurinmu, kuma mutane ba sa kawo shi a rai. Shimano sun ƙayyade cewa a yi cajin batirin nan tsakanin digiri 0 zuwa 45, a yi aiki da shi har zuwa 50. A watan Afrilu, inuwa kanta takan haura 40 a ƙasar Kano. To ina ga baƙin firam da aka jingine a rana a bakin masallacin Juma'a, ko shago mai rufin kwano da azahar? Batir ba zai mutu a ranar ba, amma kwanansa yana raguwa, wanda zai yi shekaru sai ya fara zubar da caji cikin sati. A bazara ka yi caji bayan sallar isha ko da asuba, kuma in ka dawo daga hawa ka bar keken ya huce tukuna. Ka nema masa inuwa kamar yadda kake nema wa kanka. In za ka ajiye shi ka tafi makaranta na tsawon zango, ka bar batirin da rabi ko sama da haka, a ɗaki mai sanyi, kada ya wuce wata shida ba a leƙa shi ba.

Ƙura kuwa ba ta cika shiga injin ba, a rufe yake ruf. Sarƙa take ci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya bi hanyar Kabo ko ya sauka daga kwalta zuwa burji ya san yadda hunturu yake mayar da komai fari. Al'adarmu ta zuba wa sarƙa baƙin mai ta dace da keke mai giya ɗaya da kaurin sarƙa, amma a siririyar sarƙa guba ce. Man yana kama ƙura, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin sarƙa da haƙoran farantai a kowane juyi. Ka nemi man sarƙa busasshe ko mai kakin zuma, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka bari ya shiga, sannan ka goge na waje da tsumma har sarƙa ta daina baƙanta hannu. Bayan kowace fita ta hunturu, minti biyu da tsumma sun wadatar. Ka sayi ɗan ma'aunin sarƙa, ba shi da tsada. In ya nuna 0.5, canja sarƙa. In ka yi jinkiri, za ta tafi da firiwil, wataƙila har da farantan gaba, kuma tsohuwar sarƙa tana tsalle ko da saitin giya ya fi na kowa kyau.

Da damina ruwan sama ba ya cutar da Di2, 'yan tsere suna wuni a cikinsa. Injin feshin masu wankin mota ne yake tura ruwa da yashi inda bai kamata ba. Bokiti da soso da tsohon buroshi sun isa, ka tabbata murfiyar caji a rufe take. Wayoyin kuma ba a fizgarsu da filaya. Akwai ɗan cokalin roba na soka su da zare su, kuma in waya ta zauna daidai za ka ji ta ce ƙyas. In wata rana komai ya ɗauke gaba ɗaya alhali batir yana da caji, fara zaro sandar sirdi a hankali ka duba, domin mai ɗaga sirdi da garaje yakan tsinke wayar batir ko ya zare ta bai sani ba.

Za ka ji labarin manhajar E-Tube ta Shimano, wadda ake sauya aikin madannai da sabunta tsarin injin da ita. Yawancin masu faranti 11 ba sa magana da wayar hannu sai an ƙara musu wata 'yar na'ura, amma cajar nan tana haɗa su da kwamfuta. Shawarata, in giya tana aiki, ka ƙyale sabuntawa. In ta katse a tsakiya, injin yana iya sumewa, kuma na'urar farfaɗo da shi ba a kowane gari take ba.

Ga masu karatu da suke shirin saye, ku tsaya a gaban mai kaya ku bi giyoyin duka, ku duba fitilar batir, ku ga caja da idonku kafin ku ƙirga kuɗi. Ku guji Dura-Ace Di2 na farko mai faranti 10, wayoyinsa daban suke da na bayansa, kayan gyaransa sun yi wuya. Wayoyin mai 11 ma ba sa shiga mai 12 kai tsaye. SRAM yana da wata fa'ida a wurinmu: kowane inji da ɗan batirinsa da ake ɓallewa a sa a aljihu a kai caji, yana yin kamar awa 60 na hawa, kuma in na baya ya ƙare a hanya sai a musanya da na gaba. Amma motsi yana tashinsa daga barci, don haka a cire batiran in za a ɗora keken a mota. Hannayensa suna cin batir mai kamar kwabo, CR2032, wanda ake samu wurin masu gyaran agogo. Na sabon Shimano CR1632 ne, ya fi wuyar samu, a sayi na ajiya. Ra'ayina kuma ba na ɓoye shi: wanda keke ne ƙafarsa ta zuwa aiki kullum, kuma ba shi da halin jiran kaya daga Legas ko waje, giyar kebul mai kyau ta fi masa kwanciyar hankali, domin kebul ana samunsa a ko'ina. Wanda kuwa yake atisaye da gaske, yana burin wata rana ya wakilci jiha ko ƙasa kamar yadda Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, giyar batir za ta rage masa wahala ƙwarai in ya kiyaye ta.

Kai dai, ƙanena, ka riga ka saya, kuma kaya mai kyau ka saya. Daga yau ka sauka daga kansa, domin hawa da karkataccen hanga da katangar da aka taɓa yana iya jefa injin cikin sifok, ka yi asarar inji da taya, kai ma ka sha ƙasa. Nemo caja tukuna, sannan hanga, sannan saiti. Ranar da za ka kai shi Kano, ka tsaya a kan yaran mota har su gama lodi, ɓangaren sarƙa yana kallon sama, kuma kada a ɗora masa komai. In ka samu hali ka tafi da mai gyaran nan naku ya ga yadda ake aikin, domin irin kekenka za su ci gaba da shigowa yankin, kuma wurinsa za a riƙa kai su.